Girkin Gidan Gandu

Yarinyar da ta tashi ana yabon hannunta, wadda in ta ɗora tukunya sai maƙwabta sun turo yaro da kwano, ita ta fi kowa shan wuya in aure ya kai ta gidan gandu. Wadda ba ta iya ba, nata mai sauƙi ne: abin da aka nuna mata shi za ta yi, har a riƙa yabon ladabinta. Gwanar kuwa, ranar da girki ya fara zagayowa kanta sai ta tarar gidan yana da miyarsa tun kafin a haifi mijin. Daddawa ƙulli kaza, kanwa ɗan kaɗan, ba a sa citta a kuka, man shanu sai an kwashe tuwo kowa ya zuba nasa. Ta ɗan ƙara abin da ta san yana tada miya. Hajiya uwar miji ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta yi jim, ta ce, "Ta yi daɗi, 'yar nan. Sai dai mu nan gidan ba haka muke yin ta ba." Da ma cewa aka yi ba ta yi daɗi ba, da ta san inda za ta gyara.

Irin wannan zama ne ke jiran mai sana'ar fasaha da ya ajiye ta ya karɓi riƙon shago da sunan wani babban kamfani, tsarin da 'yan kasuwa ke kira faranchais. Kamfani yana da suna da aka sani, da kayansa, da yadda yake yin komai nasa. Kai kuma ka zo da jarinka, ka biya kuɗin shiga, ka gyara wuri, ka ɗauki ma'aikata, a ba ka hayar sunan na wasu shekaru tare da kundin dokoki, duk wata kana cire wa kamfanin kasonsa daga ciniki. Shagon naka ne, bashin banki naka ne, asara ma taka ce, amma launin fentin bango ba kai za ka zaɓa ba. A Najeriya mun saba ganinsu ko da ba mu san yadda aka ƙulla su ba. Mr Bigg's na kamfanin UAC, wanda ya fara a Marina ta Legas a 1986, rassansa da dama mutane ne ke riƙe da su a kan wannan sharaɗi. KFC ta shigo a 2009, Domino's a 2012, su kuma manyan kamfanoni ne suka karɓi hayar sunan gaba ɗaya. Gidajen mai da yawa da kake gani da tambarin babban kamfani, mai wurin daban, mai tambarin daban.

Ba wuya a gane abin da ke kai mai fasaha can. Ɗauki mai tace fim a ɗaya daga ofisoshin titin Zoo Road a Kano. Ya ga zamanin kaset, ya ga na faifan CD, ya ga yadda masu satar fasaha suka cinye kasuwar har ta durƙushe, ya ga an koma fim mai dogon zango a YouTube inda ake so ya fitar da kashi guda duk mako. Yana kwana gaban kwamfuta, kuɗin aikinsa kuma sai ran da furodusa ya samu. Wata guda ya yi facaka, wata uku ya yi ta ƙirga kwabo. Shekaru sun ja, ido ya fara gajiya, 'ya'ya sun shiga sakandare, ga samarin da suka koyi aikin a waya suna karɓar rabin farashinsa. Sai ya wuce ta gaban wani shagon kaza ya ga layi har waje, kuma ba wanda ke tambayar wa ya soya. Abin da ke jan iyaye su ba da 'yarsu babban gida ke nan: rumbu a cike, suna ya riga ya tafi, ba za ta kwana da tunanin cefanen gobe ba. Lissafin ba na wauta ba ne. Matsalar ita ce wanda ke yin sa daga bakin ƙofa yake leƙen gidan, bai taɓa kwana a ciki ba.

Mutumin da ya fi kowa kafa wannan tsari a duniya shi ma mai fasaha ne, daga kiɗa ya fito. Ray Kroc ya yi kiɗan fiyano a ƙungiyoyin makaɗa da wani gidan rediyo a yankin Shikago, ya koma tallar kofunan takarda, daga baya ya kama sayar da injin kaɗa madara. A 1954, ya haura hamsin, ya je San Bernardino ta Kalifoniya don ya ga wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, da suka sayi injinsa har takwas. Ya tarar da su suna sayar da hambaga a kan senti 15, abinci kala kaɗan, kowane ma'aikaci da aikinsa guda, ba jira. Ya buɗe nasa reshen a Des Plaines a Afrilun 1955, ya shiga ba mutane hayar sunan a kan dala 950 da kashi 1.9 cikin ɗari na ciniki. Tsohon makaɗi ne, amma babu abin da ya ƙi jini irin mai shago ya yi nasa salon. Wasu daga masu shagunan farko sun riƙa ƙara abincin da suka ga dama, ya yi ta yaƙi da su. A 1958 ma'aikacinsa Fred Turner ya rubuta kundin aiki na farko, wanda ya ƙayyade har kaurin yankan dankali, da cewa kowane fam guda na nama curi goma za a fitar, ba tara ba, ba sha ɗaya ba. A 1961 suka buɗe makarantar horar da masu shago a ƙarƙashin wani reshe a Elk Grove Village, suka sa mata suna Hamburger University.

A nan gizo ke saƙar. Abin da kamfani ke sayarwa shi ne rashin canji. Wanda ya ci kazar a Abuja ya tsaya a reshen Kaduna, so yake harshensa ya kasa bambancewa. Mai fasaha kuwa duk rayuwarsa an horar da shi a kan cewa maimaici abin kunya ne. Darakta ya yi fim biyu masu kama da juna, a ce ya ƙare. Mai zane ya sake zanen bara, a ce kansa ya toshe. Yanzu an kawo shi inda in abincin yau ya fi na jiya daɗi, to an yi kuskure a wani wuri, kuma za a zo a bincika.

Kuma ana zuwa. Kamfani yana da masu zagaye da takardar maki, suna duba bayan gida, suna duba ƙarƙashin firiza, suna tsoma ma'aunin zafi a cinyar kaza. Akwai wanda ake turowa a ɓoye ya yi kamar mai saye, ya zauna ya ci, ya ƙirga mintin da aka yi kafin a sallame shi, ya rubuta ko yarinyar kanta ta yi murmushi. Hajiya da tafin hannunta ke nan, sai dai wannan ba ta tsufa, ba ta zuwa Umara, ba ta mantuwa.

Ga yadda wuni yake. Ka zo tun kafin gari ya gama wayewa ka duba ko firiza ta riƙe sanyi cikin dare, don in janareta ya mutu da ƙarfe biyu mai gadi bai tashi ba, kazar ɗaruruwan dubban naira ta tafi. Ka auna man gas ɗin da ya rage. Ka ƙirga yankan kaza, ka gwada da abin da na'urar kanta ta ce an sayar jiya, ka ga gibin cinya bakwai, ka fara tunanin wa za ka tuhuma a cikin yara ashirin da ka san albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Biyu ba su zo ba, ɗaya ya turo saƙo ya bar aiki. Agogon tukunyar suya yana ƙara, dankalin da ya wuce mintinsa doka ta ce a zubar, ranka yana sosuwa kana kallon kuɗi a kwandon shara. Da azahar ka tsinci kanka riƙe da tsintsiya don mai shara ba ta zo ba. Mutumin da ya saba zama da abokan aiki masu son aikin don kansa, waɗanda za su kwana gyaran minti uku na fim ba wanda ya sa su, yanzu yana tsaye a kan mutanen da suka zo don albashi, kuma suna da gaskiya. Wannan, a ganina, shi ya fi kayar da mutane, fiye da lissafin kuɗi. Lissafi ana koyonsa a wata uku, ko a ɗauki akawu. Haƙurin faɗa wa sabon yaro abu guda sau arba'in, da murya ɗaya, ba a ɗaukar wa mutum shi.

Sai kayan ɗaki da gara, don ba a shiga babban gida hannu rabbana. A Amurka kuɗin shiga McDonald's dala 45,000 ne, yarjejeniyar ta shekara 20, kuma wannan somin taɓi ne a kan kuɗin gini da injuna. Kason wata-wata ya daɗe a kashi 4 cikin ɗari, daga 2024 aka mai da shi 5 ga sababbin rassa, ga kuɗin haya, ga na talla. Kafin ma a amince da kai sai ka yi watanni kana horo a cikin shago, kana suya da goge-goge. Abin da sabon shiga ya fi mantawa shi ne kason daga ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. Watan da man gas ya tashi ya cinye ribarka kaf, kamfani zai karɓi nasa cif. Ranar girki ba ta san amarya ta tashi da ciwon kai ba. A nan gida kuma akwai ƙarin nauyi: bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni, duk wanda dokar kamfaninsa ta ce sai injin waje ko kayan haɗin waje zai yi amfani da su ya ji a jikinsa, kuma ba shi da ikon ya ce bari in nemi na gida.

To ashe ke nan mai fasaha ya shiga ya binne hannunsa? Tarihin McDonald's ɗin nan dai bai ce haka ba, kuma labarin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Herb Peterson. Ma'aikacin talla ne, har ya kai mataimakin shugaba a kamfanin D'Arcy a Shikago, yana tsara wa McDonald's tallace-tallace. Sai ya tsallaka ya karɓi rassa a Santa Barbara. Abin da ya dame shi shi ne shago a rufe duk safiya, haya tana tafiya, mutane suna wucewa da yunwa. Ya yi ta gwaji har ya sa maƙeri ya ƙera masa zobe da za a fasa ƙwai a ciki ya soyu daidai faɗin burodi, ya haɗa da cuku da yankan nama (na alade ne, ba cimarmu ba ce, dabarar muke kallo). Ya san halin maigidan, don haka ya ƙi faɗa wa Kroc abin da ya haɗa, ya ce sai dai ya zo ya gani. Kroc ya zo, ya ci, ya yarda. Egg McMuffin ke nan, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, ya game ƙasar a 1975, ya buɗe wa kamfanin kasuwar karin kumallo.

Kafin shi akwai Lou Groen a Cincinnati. Unguwarsa mabiya ɗariƙar Katolika ne suka fi yawa, a lokacin ba sa cin nama ranar Juma'a, cinikinsa na ranar yakan faɗi warwas. Ya haɗa burodi da kifi. Kroc yana da nasa tunanin, yankan abarba gasasshe da cuku, suka yi yarjejeniya a sayar da duka biyun wata Juma'a a 1962, wanda ya fi fita shi zai zauna. Kifi ya sayu 350, abarba 6. Sai Jim Delligatti a Uniontown ta jihar Pennsylvania, da ya ga ma'aikata majiya ƙarfi ba sa ƙoshi da ƙaramar hambaga, ya haɗa Big Mac a 1967.

Ana son ba da waɗannan labarai don a kwantar wa mai fasaha hankali, amma a duba su da kyau. Babu ɗayansu da ya fara da cewa shi yana da basira, a ba shi fili. Kowanne ya riga ya iya miyar gidan har ba a kama shi da laifi, sannan ya zo da matsalar da maigida ma yake jin zafinta a aljihu. Kowanne ta ƙofa ya bi. Amaryar da ta yi shekaru tana tuƙa tuwon gidan yadda ake so, ran da Alhaji ya kwanta ciwo ya kasa cin komai ta dama masa wani kunu irin na gidansu ya sha, daga ranar kunun ya shiga gidan. Amma bayan shekara goma za a ce kunun gidan Alhaji ne. An canja wa Groen irin kifin da ya zaɓa, aka sa mai araha. Delligatti kuwa, Big Mac ya zagaya duniya, bai samu ko kwabo na kason ƙirƙira ba, allon yabo aka ba shi. Wanda ya saba ganin sunansa a farkon fim ko a bangon littafi ya kamata ya tambayi kansa tun da wuri ko zai iya haɗiye wannan.

Ni ina ganin masu fasaha ba ɗaya suke ba a nan. Daraktan da ya taɓa kai mutum arba'in ƙauye ɗaukar fim, da kuɗin da bai isa ba, rana tana faɗuwa, jaruma ta yi fushi, mai abinci bai iso ba, ya kuma dawo da aikin a kammale, wannan ya riga ya yi rabin horon riƙon shago bai sani ba. Haka mai ɗinki da ke da yara goma a ƙarƙashinsa ana jibi Salla. Wanda ya fi nisa shi ne mai aiki shi kaɗai a ɗaki, marubuci ko mai zane, wanda ya zaɓi sana'arsa tun farko don kada kowa ya tsaya masa a ka, kada shi ma ya tsaya wa kowa. Irin wannan in ya ce min zai karɓi reshe, nakan so ya fara zuwa ya yi wata guda a bayan kanta a shagon wani, da hular ma'aikata a kansa, kafin ya sayar da kayan aikinsa. Abin da kuma dukansu ke shigowa da shi mai amfani shi ne ido. Mai fasaha ya saba lura. Shi zai ga cewa matan da ke shigowa da yara ba sa zama don kujerun sun yi kusa da na samari, ko cewa a watan azumi cinikin wuni duka yana taruwa cikin sa'a guda, don haka a nan ya kamata ya tara ma'aikatansa. Kundin kamfani bai hana wannan ba, bai ma san da shi ba.

Tunda aure muke misali da shi, kada a manta da bincike. Dattawa ba sa ba da 'ya don an ga ginin gida, sai sun aika an tambayo yadda ake zama a ciki. A Amurka hukumar kula da ciniki ta tarayya ta wajabta wa kamfani ya ba mai nema takardar bayani mai babi 23, kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya komai, a ciki har da shari'o'in da kamfanin ya shiga da sunayen masu rassa na yanzu da waɗanda suka bari. A Najeriya, in da kamfanin waje ne, ana yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP, amma tonon asirin zaman gidan kai za ka yi da ƙafarka. Faccalolin da ke ciki za su ce lafiya lau, don su ma suna tsoron Hajiya. Wadda ta fita ita za a nema. Masu rassan Quiznos a Amurka sun koyi wannan da tsada: kamfanin ya kai rassa sama da 4,500 a wajen 2007, alhali masu shagunan suna kuka cewa an tilasta musu sayen kaya daga hannunsa da tsada, ana kuma buɗe rassa kusa da juna har suna cin kasuwar junansu. Suka kai ƙara, aka sasanta a kan dala miliyan 206, kamfanin ya shiga kotun fatara a 2014, rassan suka zube saura 'yan ɗaruruwa. Wannan batu na buɗe reshe kusa da naka, a karanta shi sau uku a takarda. In ba a rubuta iyakar yankinka ba, ranar da cinikinka ya yi kyau ita ce ranar da za a fara tunanin yi maka kishiya a titin gaba.

Akwai inda misalin nawa ya gaza, kuma gara in faɗa. Amarya ana ciyar da ita, mai reshe shi ke ciyar da gidan. Amarya tana haihuwa, 'ya'yanta su gaji gidan, wata rana ita ce Hajiyar da ke lasar miyar wata. Mai reshe ko ya shekara ashirin, wa'adi ya cika sai an ga dama a sabunta, in zai sayar sai kamfani ya yarda da mai saye. In kuma ya fita, yawancin yarjejeniyoyi suna ɗaure shi da wani zaman jira, ba zai buɗe irin wannan sana'a a wannan yanki ba sai bayan wani lokaci. A sauke allo, a kwashe tambari, masu sayen da ya yi shekaru yana gaisawa da su su bi allon zuwa inda aka mai da shi. Ya waiwayi tsohuwar sana'arsa ya tarar manhajar da ya iya an daina yayinta, furodusoshin da ya sani sun yi ritaya.

Su kansu masu sunan ba su tsira ba. A 1961 Kroc ya saye kamfanin daga hannun 'yan'uwan nan biyu a kan dala miliyan 2.7. Suka riƙe shagonsu na asali a San Bernardino, amma sunan McDonald's, sunan ubansu, ya riga ya shiga cikin cinikin, dole suka sauya wa shagon suna zuwa Big M. Kroc ya buɗe sabon McDonald's a kusa da su, cikin 'yan shekaru Big M ya rufe.